Wutar Bakin Gona

Illa yana tsakiyar ba ta labarin ɗakin da zai yaɓe mata ne Cima ta kai hannu ta cafke wani abu a kan zangarniyar hatsi. Ta dunƙule hannun, ta manna shi a ƙirji.

"Mi kinka kama kuma, Malama?" ya ce yana dariya. "Ni ina zancen ɗakinmu, ke kina bin ƙwari."

Ba ta taya shi dariyar ba. Ta buɗe yatsunta kaɗan ta leƙa, tana roƙon Allah a ranta ya sa idonta ne ya yi mata gizo. Ba gizo ba ne. 'Yar ƙaramar faɗa-wuta ce, ba ta wuce farcen babban yatsa ba, launinta na jar ƙasa, da jerin fararen ɗigo a bakin fiffike. Cima ta ɗaga kai. Rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan tudun duwatsu, kuma a saman gonar, daga wannan iyaka zuwa waccan, akwai wani siririn ƙara wanda sai mai neman sa yake jin sa.

"Illa..."

"Na'am, rabin raina."

"Murzuna ce, tsutsa mai cin zangarniya. Uwayenta na bisa hatsinka suna ƙwai."

Ya waiga dama da hagu kamar ɓarawon da ya ji tari, sannan ya damƙe hannunta.

"Tohe yawu. Tohe, Cima, don Allah."

Ta tofar don ta kwantar masa da hankali. Ita dai ta san yawu ba ya kashe ƙwai.

A Gidan Takawa, ƙauyensu da ke lafe a gindin dutse kusa da Karofane, ba a kiran sunan masifa a bakin gona. Fara ce, tsutsa ce, ɗaukewar ruwa ce, sai dai a ce baƙuwa, shi ma a can ƙasan maƙoshi. Wanda ya kira sunan abu kafin kowa ya gan shi, to shi ya kira shi, kuma in ya zo, a wuyansa yake. Kowa ya san wannan, amma gidan su Cima sun fi kowa sani, don su ne suka ɗanɗana.

Shekarar babbar yunwa, damina ta soma da kyau har ana murna. Iya, kakar Cima, ta ga fararen malam-buɗe-littafi sun yi dafifi a kan bishiyoyin anza tun lokacinsu bai yi ba, suna tashi suna nufar kudu. Ta ce a bakin rijiya, a gaban mata, bana mu da anza ne. Ruwa ya ɗauke. Hatsi ya ƙone a tsaye. Aka koma jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don a rage ɗaci a samu abin sa wa ciki. A cikin wannan shekarar ƙanwar Illa, autar uwarsa Tabawa, ta mutu goye a bayan uwar a hanyar Madawa, wajen neman rabon abinci, kuma sai da ta yi tafiya mai nisa kafin ta gane. Tabawa ba muguwa ba ce. Uwa ce da ta rasa wanda za ta kama da laifi, ta waiwaya ta ga bakin Iya.

Daga nan Iya ta daina zuwa rijiya. Abin da ta sani sai ta zube shi a kunnen jikanyarta, don tun Cima tana rarrafe duk inda malam-buɗe-littafi ya sauka can za ka same ta a tsugune, abin da ya sa Illa ya laƙaba mata Malama ke nan. Cima ta san 'yan rawayan nan da ke yini a kan tafasa ba ruwansu da kowa. Ta san ja mai baƙin gefe da ke sauka a tumfafiya, da tsutsarsa mai zanen baƙi da rawaya wadda ko kazar mayunwata ba ta taɓawa. Ta san gizaka mai gashi, mai ƙaiƙayi, mai aske wake tun yana ganye biyu. Ta san na rana suna haɗe fiffikensu sama in sun sauka, na yamma kuwa suna kwantar da nasu kamar jinka.

Murzuna ce kaɗai Iya ba ta sani ba, don bayan yunwa ta bayyana a ƙasar. Mutane suna cewa daga sama take zubowa da raɓa. Cima ba ta yarda ba. Bara da kaka ta zauna a gonar babanta ta ga tsutsar ta ƙoshi, ta yi ja, ta sulalo daga zangarniya ta nutse cikin rairayi. Ta tone ta, ta zuba ta da ƙasarta a wani fasasshen tulu, ta ajiye bayan ɗakin Iya. Rani ya wuce, ruwa ya sauka, wata rana da yamma ta buɗe tulun, sai ga mai farin ɗigo tana busar da fiffike. Ranar ta yi ta tsalle don murna. Ba ta san abin da ta ajiye wa kanta a tulun nan ba.

Gonar Inuwa, baban Cima, da gamanar Illa, wato 'yar gonar da ubansa ya yanka masa ta zama tasa shi kaɗai, layin gamba ne kawai ya raba su. A kan layin nan suka girma, a kansa ya soma kasa haɗa ido da ita, a kansa kuma ya ce mata in ba ita ba sai dai ya tsufa gwauro. Da maganar ta isa gida Tabawa ta ce ba da jikanyar Iya ba, ko da mata sun ƙare. Illa ya daina cin tuwonta. Ya rame har wuyansa ya fito. Ubansa Maiguwa, wanda ba ya son hayaniya, ya yanke magana: in gamanar Illa ta cika rumbu bana, a ɗaura aure bayan girbi. In ba ta cika ba, ya bi 'yan'uwansa bida, wato ci-rani, Abijan kamar kowane saurayin ƙasar Adar, zancen aure kuma sai wani jiƙon. Tabawa ta yarda ne don ba ta taɓa ganin gamana ta cika rumbu ba.

Illa ya gina rumbun da hannunsa, na laka, mai ƙaton ciki, har samari suna tsokanarsa wai ko garin zai ciyar. Ya taka har Buza ya samo iri mai saurin nuna, ya yi binne tun ƙasa tana bushe. Ruwan farko ya tarar da irinsa a kwance yana jira. Shi ya sa hatsinsa ya fid da kai alhali na kowa yana ciki, ya tsaya shi kaɗai a fili, kore shar, abin sha'awa. Shi ya sa kuma da masu farin ɗigo suka taso daga ƙasa, babu inda suka ga wurin sauka a duk karkarar sai gonarsa. Saurin da ya yi don ya same ta, shi ne ya buɗe musu ƙofa.

A bakin gambar nan Cima ta gaya masa abin da za a yi. Iya ta ce duk mai tashi da yamma wuta take bi. A tara kara da ƙaya a kusurwoyin gona, a hura da faɗuwar rana, su zo su faɗa. Ba za a kashe duka ba, amma za a rage. Illa ya saurare ta har ta gama, ya girgiza kai. Wa ke hura wuta a gona hatsi yana bununi, ko ido bai yi ba? Gari zai fito ya tambaya. In ya ce tsutsa yake tsoro, za a ce wa ya ga tsutsa. In ya ce Cima, shi ke nan, Tabawa ta samu abin da take nema.

"Ki yi min alkawali," ya ce, "ba ki ƙara hwaɗin sunan ga, ko ga Iya. Allah na nan. Hatsin ga ya fi ƙarhin ƙwaro."

"In bai fi ba fa?"

"Ya fi, ƙanwata. Dube shi."

Ta duba. Ta ga kyan da yake gani, ta kuma ga 'yan fararen ƙwai, ƙanana kamar garin gishiri, maƙale a gashin zangarniya. Ta yi masa alkawarin da hawaye a idonta, shi kuwa ya ɗauka na kunya ne.

Ba ta cika alkawarin duka ba, don Iya ta gane tun daga yadda ta ajiye tulun ruwa. Tsohuwar, wadda idonta ya soma hazo, ta tambaye ta, ta saurara. Sannan ta ce ita ma gaskiya ta faɗa a bakin rijiya, ga ta nan ko gaisuwar mutuwa ba a so ta je. Ta ce ki rufe bakinki, ɗiyata, ki bar gona ga mai ita.

Cima ta rufe bakin, amma ta kasa barin gonar. Kullum la'asar ta yi sanyi sai ta ɗauki kwando ta ce za ta tsinko tafasa. A ƙarƙashin ganyen akwai gora mai toshiyar tsumma. Takan jira Illa ya tafi sallar magariba, ta tsallaka gamba, ta jiƙa gefen gyalenta ta riƙa kifa shi a kan zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta kama ta jefa gora. Ba ta murje su a wurin, don kada ƙwan cikinsu ya zauna a kan hatsin, sai ta kai gida ta juye a murhu. Daga baya da ƙwan ya fashe, ta koma tsince tsutsa da tsinke. Yarinya ɗaya da gora ɗaya a gonar da mutum zai ɓace a cikinta! Ita ma ta san wauta ce. In ta tsaya tana haki ta ji ƙaran nan bai ragu ba, sai ta ji kamar ta kwanta a kunyar gonar ta yi ta kuka, amma sai ta tuna rumbun, ta sake jiƙa gyale.

Ran da hatsin ya soma ido, Illa ya kawo mata tumu, gasasshe, yana zafi a cikin ganye. Ya ce na farko ne, ko uwarsa bai kai wa ba. Ta karɓa ta juya zangarniyar, ta ga siririyar hanya ta murɗe ta daga gindi tana hawa sama kamar igiyar da aka naɗa wa sanda. Ta sa babban yatsa ta rufe wurin, ta murza, ta ci, ta ce ya yi daɗi. Ya tsaya yana kallon ta tana tauna, fuskarsa cike da annuri.

Akwai wadda ta lura da kwandon tafasar da ba ya cika. Furera, ɗiyar ƙanin Tabawa, wadda tun tana ƙarama ake ce mata matar Illa da wasa, har ita ta daina ɗaukarsa wasa. Kyakkyawa ce, ga iya gaida manya, kuma ba ta taɓa ɗaga wa Cima murya ba. A da ma ƙawaye ne, ita Cima ta taɓa ja bayan ɗaki ta nuna wa tulun nan don ɗoki. Furera ta bi ta wata yamma daga nesa, ta ga abin da ta gani, ta koma gida ta adana abin a ranta. Sai da tsutsa ta bayyana ga kowa, gonar ta soma zubar da gari fari a gindin kara, mutane suna wucewa suna salati, sannan ta je ta durƙusa gaban Tabawa ta ce akwai abin da ke ci mata rai, amma tana tsoron faɗi.

Cima tana tsakiyar gonar, gora a hammata, ta ji an riƙe mata gyale ta baya. Ta juya ta ga Tabawa, da Furera a bayanta tana kallon ƙasa. Tabawa ta fizge gorar ta zare tsumman. Masu farin ɗigo suka yi buu suka tashi a fuskarta, suka bazu a kan hatsin ɗanta. Ta kifa gorar, tsutsa ta zubo a ƙafarta tana motsi.

"Inna, kwashewa nike... wallahi kwashewa nike, ba zubawa ba."

Tabawa ba ta zage ta ba, ba ta ɗaga hannu ba. Ta dube ta ne kawai.

"Kakarki ta cinye min ɗiya," ta ce a hankali. "Ke kuma kin zaka ki cinye min ɗa."

Da safe aka taru a ƙofar mai gari. An ajiye gorar a tsakiya, kusa da ita ga fasasshen tulun da aka ɗauko daga bayan ɗakin Iya. Inuwa yana zaune kansa a sunkuye, ya tsufa a dare ɗaya. Cima tana durƙushe gefen mata, babu wadda ta matso kusa da ita. Aka ce ta yi bayani, ta yi: yadda tsutsa ke shiga ƙasa, yadda take kwana rani, yadda take fitowa da fiffike. Tana faɗa tana ganin fuskoki suna ƙara ɗaurewa, don duk abin da ta ƙara sai ya zama shaida cewa ta san abin fiye da yadda ya kamata mutum ya san shi. Wani ya ce to ai ga shi da bakinta, kiwon su take yi.

Illa ya miƙe ba a ba shi izini ba. Idonsa ya yi ja. Ya ce ƙarya ake mata, shi shaida ne, Cima ba ta kawo komai gonarsa ba, ceto take yi. Mai gari ya tambaye shi yadda aka yi ya sani.

Cima ta ɗago kai ta girgiza masa shi. Bai gani ba, ko ya gani bai fahimta ba.

"Don ta gargaɗe ni," ya ce da ƙarfi. "Tun babu tsutsa ko guda, tun hatsi na bununi, ta tsaya bakin gona ta ce min murzuna na tahe. Ta ce in hura wuta, ni na ƙiya. Laihina ne, ba nata ba."

Sannan Tabawa ta yi magana daga inda take zaune, ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Kun dai ji. Babu ko guda. Ta kira ta da sunanta, ta zaka."

Sai a lokacin Illa ya gane abin da ya yi. Ya dubi Cima, ita kuma ta yi masa wani ɗan murmushi don kada ya faɗi a gaban mutane.

Liman ya yi nasiha mai kyau. Ya ce tsutsa baiwar Allah ce, da izininsa take tafiya, bakin ɗan Adam bai isa ya halicci ko ƙuda ba. Kowa ya ce gaskiya ne, malam. Mai gari ya ce babu hukunci a kan yarinya, a fasa tulun a watse. Aka watse. A hanyar komawa gida matan da suka ce gaskiya ne malam, su ne suka riƙa janye 'ya'yansu daga gefen da Cima take bi.

Girbi ya zo. Zangarniyar Illa sai ka ɗaga dami guda da hannu ɗaya, duk ƙaiƙayi ne da hanyar tsutsa. Abin da aka zuba a rumbun bai kai gwiwar mutum ba, in ka leƙa ta sama sai ka ji muryarka tana dawo maka. Hatsin sauran gari, da ya fid da kai a makare, ya tsira sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma wannan ma aka ce shaida ce: me ya sa sai gonar da ta shiga? Maiguwa ya aika aka gaya wa Inuwa a yi haƙuri. Illa ya ce shi ko rumbu ya cika ko bai cika ba sai ya aure ta, ko da za su koma Madawa ya yi dako. Tabawa ta kira shi ɗaki, ta kama nononta ta ce in ya kai jikanyar Iya ɗakinsa, ba ta yafe masa abin da ya sha ba, duniya da lahira. Ya fito daga ɗakin ya soma haɗa kayan tafiya.

Ran da zai tafi ya same ta da hantsi a gindin anzar da ke bayan gari. Kaka ta yi nisa, ciyawa ta bushe, fararen malam-buɗe-littafi kuma sun taso, dubbai, suna wucewa ta kansu suna nufar kudu. Ya ajiye ƙunshin kayansa ya tsuguna nesa da ita kaɗan.

"Da na yi shiru, Cima..."

"Da ka yi shiru, gora ta kashe ni. Ka yi magana, bakina ya kashe ni. Babu ta inda za ka bi, Illa. Kar ka tahi da wannan a ranka."

"Da na hura wutar."

Wannan ba ta musa masa ba, don gaskiya ce, kuma ba ta so ta yi masa ƙarya ranar rabuwa. Ya ce ta jira shi, zuciyar uwa tana sanyi. Ta ce to. Su biyun sun san Tabawa. Ya share fuska da hannun riga, ya nuna farare ya ce ga 'yan rakiyarsa nan, hanyarsu ɗaya. Ta ce su ba su dawowa, 'ya'yansu ne ke dawowa. Ta yi nadamar faɗin haka tun kafin ta rufe baki. Ya ɗauki ƙunshinsa ya bi hanyar Madawa inda zai hau kamiyo, babbar motar kaya, ta tsaya tana kallon farar rigarsa har dutse ya ɓoye ta, sannan ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ta daɗe tana tarawa.

Iya ta rasu da sanyin shekarar, mutanen da suka zo gaisuwa ba su cika tabarma ba. Cima ta ci gaba da noma gonar babanta. Babu saurayin garin da ya ƙara tsayawa a ƙofarsu, na wasu garuruwa kuma kafin su zo na biyu an riga an kai musu labari. In ta wuce masussuka, mata sukan ja faifai su rufe hatsinsu, wasu ma ba su san suna yi ba. Ta koyi tafiya da ido a ƙasa. Ja ya sauka a tumfafiya, rawaya a tafasa, ta wuce kamar ba ta san su ba. Magana ma ta rage, har yaran da suka taso suka ɗauka haka Allah ya yi ta.

Damina ta uku Illa ya dawo, da rediyo a kafaɗa da tari a ƙirji. Maiguwa ya rasu yana can, gida ya koma wuyansa, Tabawa kuma ta tsufa tana kuka tana son ganin jika. Aka ɗaura masa aure da Furera. Cima ta ji kiɗan daga ɗakinta, ta ci gaba da tsince wake. A ɗakin nan da ya taɓa ba ta labarinsa aka kai amarya.

Shekara ta zagayo. Wata la'asar hatsi yana bununi, tana cire ciyawa a gindin gamba, ta ji an tsaya a ɗaya gefen. Ba ta ɗago ba, ta san takunsa.

"Malama."

Rabon da a kira ta haka har ta manta. Ya miƙo hannu ta saman gambar, a dunƙule, ya buɗe yatsu kaɗan.

"Wacce ce wagga? Don Allah. Ni duk ɗaya nike ganinsu."

Ta leƙa. Jar ƙasa, da jerin fararen ɗigo. Ta ɗaga ido ta ga yadda ya rame, ta ga hatsinsa a bayansa ya yi kyau irin na waccan shekarar. Can kan hanya kuma ga Furera tafe da goyo, tana riƙe da hannun Tabawa, sun kusa isa inda za su ji.

"Ban sani ba, Illa," ta ce. "Na bar duban ƙwari."

Ya daɗe yana kallon ta. Ya buɗe hannun, abin ya tashi ya koma kan hatsinsa. Ya juya ya tafi, kafaɗunsa a zube.

Da rana ta yi ja Cima ba ta tafi gida ba. Ta tattaro tsohon kara da ƙayar da aka sare, ta tara a kusurwar gonar babanta, daf da gamba, ta gefenta. Ta je bukkar makiyaya ta roƙo garwashi a katanga, guntun fasasshiyar tukunya. Ta durƙusa ta hura har ya kama. Gonarta ce, karanta ne, ba ta kira sunan komai ba. Ba a jima ba suka soma zuwa daga gonar Illa, ɗaya, biyu, sannan da yawa, suna kewaya harshen wutar suna faɗawa.

Tana nan tsugune ta ga wani haske ya tashi a can ƙarshen gamanar. Sai wani a ɗaya kusurwar. Iska ta kawo mata muryar Furera tana tambaya wutar mece ce wannan, da muryarsa yana cewa sauro ne ya dame shi. Bai waiwayo ba, ita ma ba ta miƙe ba. Haka suka yi ta yi kowace yamma har hatsin ya yi ido, shi a gefensa ita a nata, ko sannu ba ta haɗa su ba.

A shekarar rumbun nan mai ƙaton ciki ya cika har wuya, sai da aka danna da ƙafa kafin a ɗora masa jinka. Mutane suka ce Furera ta shigo da ƙafar arziki. Cima tana jin dakan Furera a turmi kullum da safe ta bayan danga.